Sabuwar soyayya bayan rasuwar miji ko mata: inda littattafan soyayya na manya suke dacewa da inda suke kuskure

Wata nawa ya kamata jarumar labari ta yi tana kukan mijinta kafin marubuci ya bar ta ta kalli wani namiji da idon sha'awa? Idan kuma ta kalla, ta so, har abin ya kai su ga shimfiɗa, hakan na nufin ta manta da wanda ya rasu ke nan? Wannan gardama ba ta ƙarewa a duk inda masu karanta littattafan soyayya suka haɗu. Wasu suna cewa cin amana ne, marubucin ya ɗauko gawa ne kawai ya yi tsani da ita zuwa batsa. Wasu kuma suna cewa babu labarin da ya kai wannan taɓa zuciya. Mafi yawan masu gardamar, ta kowane ɓangare, zato ɗaya suke tashi da shi: wai zuciya ɗaki ce mai gado ɗaya, sai wani ya fita wani zai shiga. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka rasa abokan zamansu bai goyi bayan wannan zato ba, kuma ana gane ƙwararren marubuci ne ta yadda ya bar mamacin da mai ran suka zauna a labari ɗaya ba tare da ya kori ɗayansu ba.

Wane irin littafi ake nufi

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai labarin soyayya da yake rufe ƙofa idan masoya sun shiga ɗaki, mai karatu ya tarar da su washegari. Akwai labarin sha'awa zalla, wanda saduwa ce jigonsa, kuma ba dole a ƙare da masoyan suna tare ba. Sai na tsakiya, wanda a kansa muke magana: cikakken labarin soyayya ne, amma ana bin masoyan har cikin ɗaki, kuma abin da ya faru a can yana sauya zamansu. Editoci suna da gwaji mai sauƙi. A cire duk wuraren kusanta a sake karantawa. Idan labarin ya tafi sumul ba a ji giɓi ba, to ado ne aka liƙa don kasuwa. Idan kuwa aka kasa gane abin da ya sauya jarumar tsakanin babi na 14 da na 16, to wuraren nan su ne ke ɗauke da nauyin labarin.

Ƙungiyar marubuta littattafan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, sharuɗɗa biyu ta gindaya wa wannan fanni: soyayya ta zama ƙashin bayan labari, kuma a ƙare cikin farin ciki da kyakkyawan fata. Na biyun ne ke ba da wahala idan mutuwa ta shigo, domin an yi wa mai karatu alƙawarin murmushi a shafin ƙarshe, ga kuma rashin da ba ya gyaruwa. Malamar adabi Pamela Regis, a nazarinta na 2003, ta lissafa sassa 8 da labarin soyayya ke ginuwa a kansu. Biyu sun fi shafar mu: shingen da ke hana masoya haɗuwa, da lokacin da ake fid da rai gaba ɗaya kafin a daidaita. A yawancin labarai shingen daga waje yake, ko dangi, ko talauci, ko nisa. A labarin wanda aka yi wa rasuwa kuwa, a cikin ƙirji yake: riƙon amana ga mamaci, jin laifi, da tsoron sake binne wani. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro mugu. Abin da ya sa jigon ke da farin jini ke nan, shi ne kuma ya sa ake yawan yi masa riƙon sakainar kashi.

Abin da masana suka gano game da jimami

Tsofaffin ra'ayoyi biyu ne har yanzu suke tafiyar da littattafai da yawa ba tare da marubutan sun sani ba. Na farko na Sigmund Freud ne, daga rubutunsa na 1917: aikin mai makoki shi ne ya zare zuciyarsa daga mamaci sannu a hankali, domin ta samu damar maƙale wa wani. Daga nan ne aka samo babin nan da kowa ya sani, inda jaruma take tattara kayan marigayi a kwali, ta je kabari ta yi bankwana, sannan a ba ta izinin so. Na biyu shi ne matakan jimami biyar na likita Elisabeth Kübler-Ross na 1969: ƙaryatawa, fushi, neman sulhu, baƙin ciki, miƙa wuya. Abin da ake mantawa shi ne a kan marasa lafiya masu jiran ajalinsu ta yi wannan aiki, ba a kan waɗanda aka bari ba, kuma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa mutane suna bin matakan a jere ba. Marubucin da ya raba littafinsa kashi biyar, kowane kashi da matakinsa, zai samu tsari mai kyaun gani, amma duk wanda ya taɓa rashi zai ji cewa ba haka abin yake ba.

A 1996 masana Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka tattara shaidun da ke nuna cewa mutane ba sa yanke alaƙa da mamatansu, sauya mata kama suke yi. Suna yi musu magana a zuci, suna tambayar kansu me zai ce da yana nan, kuma wannan ba alamar ciwo ba ce. Tun kafin nan, a 1971, wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tattauna da mutum 293 da suka rasa miji ko mata, ya tarar kusan rabinsu sun taɓa jin kamar mamacin yana kusa da su, wasu har sun ce sun gan shi ko sun ji muryarsa, kuma yawancinsu sanyi abin ya sa musu, ba tsoro ba. To jarumar da ta ji kamar takun mijinta a falo bayan shekara biyu ba hauka take yi ba, kuma ba dole labarin ya warkar da ita daga hakan ba.

Abin da ya fi amfani ga marubuci shi ne bayanin Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, wanda suka fitar a 1999. Sun ce mai jimami kaiwa da komowa yake yi tsakanin fuskoki biyu: yau yana fuskantar rashin, yana kuka yana duba hotuna, gobe yana fuskantar rayuwar da ta rage, yana biyan kuɗin wuta yana koyon abin da marigayin ya saba yi. Wannan jeka-ka-dawo shi ne lafiyar. A labari, hakan na nufin jaruma tana iya yin dariya har da hawaye da sabon mutum ranar Talata, ranar Laraba kuma ta kasa tashi daga gado, ba tare da wani sabon abu ya faru ba.

Sai George Bonanno na Jami'ar Kolombiya. A binciken da ya fitar a 2002, an bi tsofaffi 205 tun kafin abokan zamansu su rasu, aka sake auna su wata 6 da wata 18 bayan rasuwar. Kusan kashi 46 cikin 100 sun ci gaba da tafiyar da rayuwarsu ba tare da sun faɗa matsananciyar damuwa ba, duk da suna kewa. Kusan kashi 16 ne suka maƙale a dogon jimami. Kusan kashi 10 kuwa sauƙi suka samu bayan rasuwar, galibi waɗanda dama suna cikin ƙunci kafin ta. Littattafai sun fi son jarumar da ta ruguje ƙurmus, domin an fi jin daɗin ceto ta. Wadda ta koma aiki bayan 'yan makonni, tana dafa wa yara abinci, sai dare ya yi ta kasa kashe fitila, ita ce ta fi yawa a duniya, ita ce kuma ta fi ƙaranci a shafi.

Jiki ma yana nasa makokin

Nan ne littattafan manya suke da abin faɗa wanda masu rufe ƙofa ba su da shi. Mutanen da ke zuwa jaje suna tambayar barci da cin abinci, ba mai tambayar wanda ya shekara 15 yana kwana kusa da wani jiki yadda yake ji da daddare. A 2016 masaniyar halayyar ɗan'adam Alice Radosh, tare da Linda Simkin, ta fitar da bincike a kan mata 104 masu shekara 55 zuwa sama, inda yawancinsu suka ce za su yi kewar saduwa idan mijin ya rasu, kuma za su so su yi maganar da wata ƙawa, amma sun fi son ƙawar ce ta fara tayar da zancen. Rashi ne da ba a yi wa jaje, irin wanda masanin jimami Kenneth Doka ya yi bayani tun 1989: baƙin cikin da al'umma ba ta ba ka izinin nunawa ba.

Sha'awa bayan rasuwa ba hanya ɗaya take bi ba. Wasu takan mutu musu na tsawon watanni ko shekaru, saboda rashin barci, gajiya da ciwon damuwa, kuma yawancin magungunan damuwa da likitoci ke rubutawa suna iya rage sha'awa ko su jinkirta gamsuwa. Wasu kuma takan taso musu da ƙarfin da ke firgita su tun cikin makonnin farko, sai kunya ta rufe su, su ɗauka lalacewa ce. Ba ita ba ce. Yunwar taɓawa ce, da jiki mai neman tabbatar wa kansa cewa yana raye. Marubucin da ya san wannan zai iya rubuta jarumar da jikinta ya riga zuciyarta shiri, ko wadda zuciyarta ta amince jikin ya ƙi. Dukansu biyu sun fi wadda komai nata ya farka dare ɗaya don wani kyakkyawa ya shigo gari.

Akwai kuma bayanin likita Rosemary Basson na shekarar 2000, cewa mata da yawa sha'awarsu ba ta fara zuwa da kanta, tana biyo bayan natsuwa da kusanci ne. Wannan ya dace da mai jimami ƙwarai: ba za ta ji tana so ba sai ta ji ba a matsa mata.

Game da lokaci, wani bincike da aka yi a jihar Kalifoniya aka fitar a 1996 ya nuna cewa bayan wata 25 da rasuwa, kashi 61 cikin 100 na maza sun sake aure ko suna cikin sabuwar soyayya, mata kuwa kashi 19 ne. Masaniyar zamantakewa Deborah Carr ta ƙara haske a 2004: sha'awar tsofaffin maza ta sake aure tana raguwa ta kusanci ta mata idan suna da abokai masu tallafa musu. Wato sau da yawa kaɗaici ne ke kora su, ba ƙarancin so ga marigayiyar ba. Duk da haka masu karatu sukan yafe wa jarumi abin da ba sa yafe wa jaruma. Namijin da ya so wata bayan shekara ɗaya abin tausayi ne, macen da ta yi haka ana cewa dama jira take.

Mamacin, mutum na uku a labarin

A nan gizo ke saƙar. Mamaci ɗan wasa ne da ba zai buɗe baki ya kare kansa ba, kuma yadda marubuci ya yi da shi ne ke nuna ƙwarewarsa ko kasalarsa.

Kasala mafi yawa ita ce a kashe shi karo na biyu. Ana tsakiyar littafi sai jaruma ta tsinci tsofaffin saƙonni a wayarsa, ashe yana cin amanarta, ko ya bar mata bashin da ya ɓoye. Ko kuma a littafin manya a nuna cewa bai taɓa gamsar da ita ba, sai yanzu ta san mene ne daɗi. Nan take shingen ya rushe, jin laifi ya tafi, ta samu lasisi. Amma marubucin ya gudu ne daga tambayar da ya ɗauko. Labarin ya tashi daga na wadda ta rasa masoyi ya koma na wadda aka yaudara, kuma saƙon da ya isa ga mai karatu shi ne: ba za ki so wani ba sai na farkon ya zama banza. Ba wai babu auren da ya lalace kafin mutuwa ba. Akwai, kuma labari ne mai kyau idan tun farko shi aka nufa. Laifin shi ne a ɗauko shi a babi na 20 don a fita daga wuya.

Kishiyar wannan ita ce a mayar da shi waliyyi. Masaniyar zamantakewa Helena Lopata, wadda ta yi nazarin matan da mazansu suka rasu a birnin Shikago a shekarun 1970, ta lura cewa da yawansu suna wanke marigayin tas a tunaninsu har ya zama ba shi da aibi. Daidai ne jaruma ta fara a haka. Kuskure ne littafin ya ƙare a haka. Alamar da ta fi kowace nuna cewa ta fara dawowa ita ce ranar da ta iya cewa, cikin dariya ko cikin fushi, mutumin nan bai taɓa rufe murfin man goge baki ba, kuma sun rabu da safen ƙarshe ba sa ga maciji a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba.

Sai wasiƙar izini, wadda marigayi ya rubuta ya ɓoye, ana buɗewa a ga ya ce ki sake aure, ki yi farin ciki. Tana sa hawaye, ba musu, amma ta ƙwace wa jaruma shawara mafi girma a littafin ta miƙa wa gawa. Haka ma sabon masoyin da aka yi shi kwafin tsohon, ko ƙaninsa mai irin muryarsa, ko amininsa. Ana iya yin sa ya yi kyau, da sharaɗin labarin ya fuskanci tambayar da mutumin zai yi wa kansa: ni take so ko inuwarsa?

Abin da ke aiki ba shi da yawa. A ba mamacin ɗabi'u uku ko huɗu takamaimai, ɗaya ta zama mai ban haushi. A ba shi wata magana da ya saba faɗa, wadda za ta fito daga bakin ɗansa ba zato. A bar rigima ɗaya da ba a sasanta ba. Waiwaye zuwa baya kada ya wuce sau uku ko huɗu a dukan littafin, kowanne gajere, domin idan ya yi yawa mai karatu zai kamu da son wanda ya mutu ya tsani mai ran.

Jeren labarin

Salon mutuwar ne ke fayyace irin raunin, don haka shi ake fara zaɓa. Wadda ta yi jinyar miji shekara uku ta fara makoki tun yana raye, wataƙila kusanci ya daɗe da yankewa, hannunta ya saba da wanke jiki da juya majinyaci, kuma a ƙasan baƙin cikinta akwai sauƙin da take jin kunyar amsawa. Wanda hatsari ya ɗauke wa mata farat ɗaya, matsalarsa tsoro ce: sabuwar ta yi minti 20 ba ta ɗaga waya ba, ya fara rawar jiki. Idan kashe kai ne, fushi da zargin kai da gulmar mutane suna shigowa, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga masu rubutu ita ce kada a bayyana hanyar da aka bi.

Ana iya buɗe labarin tsakanin wata 18 da shekara 3 bayan rasuwar. Masu jaje sun watse, takardun gado sun lafa, mutane sun fara cewa ya isa haka, ita kuwa a lokacin ne shirun gidan ya fi ƙara. A littafi mai kalma dubu 70 zuwa 80, rubu'in farko yakan tafi a nuna rayuwar da ta ginu a kan giɓin da kuma haɗuwa. Taɓawar farko gara ta zama wadda ba ta da alaƙa da sha'awa, kamar ya riƙe mata gwiwar hannu a kan matakala, ta lura cewa rabon da babban mutum ya taɓa ta tun ranar jana'iza. Kusanci na farko yakan zo wajen tsakiya. Bayansa jin laifi ke dawowa da ƙarfi, tare da mutanen waje: 'ya'yan da ke ganin ana maye gurbin ubansu, da surukan da ke tsoron idan ta tafi ta tafi da jikokinsu da abin da ya rage na ɗansu. Kada a mai da su mugaye, su ma makoki suke yi. Fid da rai yakan faɗo wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na littafin, kuma ya fi ƙarfi idan daga raunin kansa ya fito, misali sabon mutumin ya kwanta asibiti kwana biyu kacal, ita kuma ta gudu, don ba za ta iya sake zama a irin kujerar nan ba.

Abu ɗaya da sababbin marubuta ke tsallakewa: a zana kalandar labarin, a sa ranar rasuwa, ranar aurensu, ranar haihuwarsa. Jimami yana tashi a waɗannan ranaku, sau da yawa tun mako guda kafin su zo. Littafin da ya ratsa wata 10 ba tare da ko ɗaya ta motsa jarumar ba, ya manta da nasa lissafin.

Daren farko

Yawan bayyana sassan jiki ba shi ne ma'aunin wannan babi ba. Ana iya rubuta shi a fili ya zama fanko, ana iya sakaya shi ya girgiza mutum. Ma'aunin shi ne ko marubucin ya tuna cewa jikin nan yana da tarihi.

A fara da wuri. Gadon aurenta ne ko wani wurin? Wane gefe take kwana, kuma me zai faru idan baƙon ya kwanta a gefen marigayin ba da sani ba? Hoton da ke kan durowa fa, ta kife shi, ko ta fitar da shi, ko ta bar shi? Kowace amsa tana faɗin wani abu, kuma idan ta kife shi, dole a ga lokacin da ta mayar da shi tsaye. Sai abin da jiki ya haddace: shekara goma sha tana juyawa hagu don ta tarar da kafaɗa a wani tsayi, yanzu tsayin ya bambanta, ƙamshin ya bambanta, nauyin hannun ya bambanta. Kwatantawa dole ce. Marubucin kirki yana barin ta ta kwatanta ba tare da an fitar da gwani ba.

Kuka a tsakiya ko bayan an gama abu ne da ke faruwa, ko da an ji daɗi, wani lokaci ma saboda an ji daɗin ne. Suɓutar baki da sunan marigayi ma haka. Abin da sabon mutumin ya yi a wannan daƙiƙa shi ne dukan halinsa. Dubi bambancin: a wani littafin zai rungume ta ya ce zai mantar da ita komai. A wani kuma zai tsaya, ya ja mayafi ya rufe ta, ya ce, "In tafi ne, ko in zauna?" Ta ce, "Zauna. Amma kada ka ce komai." Na farkon ya yi alƙawarin abin da ba ta roƙa ba, wanda kuma take tsoro. Na biyun ya bar mata linzami. Sai dai shi ma kada a mai da shi dutse marar ji. Yana da haƙƙin abin ya yi masa ciwo, ya faɗa washegari, domin kishi da mamaci abu ne mai wuya: ba ya tsufa, ba ya sake yin laifi.

Yarda tana buƙatar kulawa ta musamman a nan. Babin da aka sa saduwa a daren jana'iza, ko jaruma tana cikin maye, ko tana tsakiyar firgici, sannan aka nuna shi a matsayin waraka, ya koya wa mai karatu cewa raunin mutum ƙofa ce. Idan masoyan sun manyanta, a bar shekaru su yi aikinsu: bushewar gaba bayan ɗaukewar al'ada, rashin ƙarfin namiji saboda fargaba ko ciwon sukari ko maganin hawan jini, kunyar tuɓewa gaban wanda bai san jikin yana ƙuruciya ba, da maganar gwajin cututtuka da kariya, wadda wanda ya shekara 20 a aure ɗaya ya daɗe da mantawa. Wuraren kusanta uku zuwa biyar sun isa littafi, kowanne da aikinsa. Na farko yana iya yankewa a rabi. Na ƙarshe ya kamata ya zama wanda mutum biyu ne kawai a ɗakin, ba don an kori na ukun ba, sai don bai zo ba a wannan daren.

Masu suka, masu karewa, da mai karatu

Masu suka suna da hujjoji masu nauyi. Suna cewa fannin yana sayar da ƙaryar cewa saduwa magani ce, yana matsa wa masu jimami su ga kamar rashin sabon masoyi gazawa ce, alhali mutane da yawa, musamman mata masu shekaru, suna zaɓar zama su kaɗai da gangan kuma suna lafiya. Wasu kuma, bisa addini ko tarbiyya, ba su yarda a bayyana abin da ke bayan ƙofa ba ko da tsakanin ma'aurata ne, kuma suna nuna cewa a intanet babu mai duba shekarun mai karatu. Wannan batu na ƙarshe gaskiya ne, kuma alhakin marubuci ne ya sa gargaɗi a farko, na shekaru da na abin da ke ciki, musamman mutuwar yaro, doguwar jinya ko kashe kai.

Masu karewa suna cewa a nan ne kaɗai mutane da yawa suka fara ganin an ambaci abin da suke ɓoyewa, cewa suna kewar jiki ba hira kawai ba, kuma tabbacin kyakkyawan ƙarshe ne ke ba su ƙarfin shiga labarin mutuwa tun farko. A ganina dukansu suna da gaskiya, sai dai ba littafi ɗaya suke karantawa ba. Sukar ta dace da wanda ya ɓata mamaci ya mai da gado asibiti. Kariyar ta dace da wanda ya ƙare jaruma tana son mutum biyu, ɗaya a raye ɗaya a ƙasa, ba ta nemi gafarar kowa ba.

Akwai haɗarin da ba a cika haɗa shi da wannan magana ba. Baƙon da ya bayyana daga sama, mai haƙuri marar iyaka, wanda shi ma wai ya rasa matarsa, shi ne ainihin hoton da 'yan damfarar soyayya suke sawa a intanet, kuma masu sabon rashi suna cikin waɗanda suke farauta. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ce a 2022 kaɗai kusan mutum dubu 70 suka kai ƙarar irin wannan damfara, asarar ta kai dala biliyan 1.3. Littafi bai jawo wannan ba, amma wanda ya saba da jarumin da ba a bincikarsa yana da sauƙin kamu.

Sai waɗanda jimaminsu ya wuce abin da labari zai taɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa dogon jimami cikin jerin cututtuka a kundinta da ya fara aiki a 2022, idan tsananin kewa da shagaltuwa da mamaci suka hana mutum tafiyar da rayuwarsa fiye da wata 6. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wata 12 ga manya. Ƙididdigar da ta haɗa bincike da dama a 2017 ta nuna kusan mutum 1 cikin 10 na manyan da aka yi wa rasuwa yana faɗawa ciki. Sabuwar soyayya ba ta warkar da shi, sau da yawa ma ita ce ke rushewa a ƙarƙashinsa. Akwai jinya ta tattaunawa da aka tsara musamman dominsa, zama 16, wadda likita Katherine Shear ta gwada: a sakamakon da ta fitar a 2005, kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ita sun samu sauƙi, idan aka kwatanta da kashi 28 na waɗanda aka yi wa wata jinyar tattaunawa da aka saba yi wa masu ciwon damuwa.